Ƙafa Ba Ta Ƙarya

Jiya na ratsa sabuwar unguwa da kwandon tumatir a ka, sai Baba, mahaifin maigidana, ya faɗo mini a rai.

Da injiniyoyi suka zo auna titunan gidaje da shaguna a bayan Funtua, zanensu ya toshe turbar da mu mata muke bi zuwa kasuwa. Lokacin ban iya karatu ba, amma na iya masifa.

Baba ya ce, "'Yar nan, adana bakinki, miƙo mini sandata."

Ya ja su cikin raɓa, yana nuna musu sawunmu a laka. "Malam, takardarka ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Ƙafa ba ta ƙarya."

Suka bar mana mashiga, ita na bi jiya.

Allah ya yalwata masa kabari yadda ya yalwata mana hanya.