Kifi a Shafi na Bakwai

Ƙarfe bakwai da rabi Dolina Macaulay take tayar da motar ba da aron littattafai a garin Stornoway, ko ana ruwa ko ana iska, mu kuwa a tsibirin Lewis na Scotland yawanci duka biyun ake yi. Takan ajiye butar shayinta a kujerar gefe, ta ɗaure kantoci don kada littattafai su zube a kwana, sannan ta kama hanyar yamma, tana jiran tumaki su gama shawararsu a tsakiyar titi. Ƙauyenmu ranar Talata take zuwa, bayan kowane mako uku. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Watan jiya ta yi ritaya ta miƙa mukulli, aka ce in rubuta wani abu a kanta tunda ba na fashin motar. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, saboda haka in na sa baya a gaba, a yi haƙuri.

Ina jin da shafi na bakwai ya kamata a fara. Doka ta hana rubutu a littafin aro, amma babu tsoho ko tsohuwar da ba ta da 'yar alamarta a wannan shafin, da fensir, don kada a sake ɗaukar abin da aka riga aka karanta. Wani da'ira, wata gicciye, wani tsuntsu mai ƙafa ɗaya. Dolina ta haddace su kaf, sun fi ɗari biyu. Takan buɗe ta ce, "Wannan ai kin karanta shi tun kafin a yi miki aikin gwiwa," ta mayar, ta zaro wani. Ba ta taɓa goge ko ɗaya ba.

Tormod MacRitchie da matarsa Seonag alamominsu a jere suke, ita kifi, shi ƙugiya. Tormod tsohon masunci ne, dattijo a coci. Shi ke jan zabura da Galik, harshenmu na gado, ranar Lahadi, littafi buɗe a hannunsa, jama'a na amsawa. Littattafai uku suke ɗauka, duk labarin teku. Shekara tara da suka wuce Seonag ta rasu.

Tormod bai daina zuwa mota ba. Ranar da ya dawo da ukun farko, Dolina ta buɗe shafi na bakwai kamar yadda ta saba, sai ta ga kifi. Kifi kaɗai, babu ƙugiya. Ta ce a ranta tsohuwar alama ce. Amma littafin sabo ne, ita da hannunta ta buga masa hatimi bayan jana'iza da mako biyu. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Kifin na nan. Ta buɗe na biyu, kifi. Na uku, kifi.

Zuwa uku ta yi tana ganin haka, kanta ya ɗaure. Ɗan su Tormod ɗaya ne, yana Kanada. Ko wani ne ya saci alamar marigayiya? A wurinmu gara ka saci rago. Ta kasa haƙuri ta tambayi maƙwabciyar Tormod, Peigi Graham, kuma nan ne ta yi kuskure.

"Peigi, akwai wadda ke shiga gidan Tormod kwanan nan?"

Peigi ta sauke littafin da ke hannunta a hankali. "Wadda? To, to. Me ya sa kike tambaya, Dolina?"

"Ba komai."

"Ai ba komai ɗin ne ya fi daɗi," in ji Peigi, ta sauka tana murmushi.

A zuwa na huɗu Dolina ta jira sai da mota ta zama babu kowa sai Tormod, ta ja ƙofa, ta buɗe shafin ta tura masa.

"Baba Tormod, wa ya zana wannan?"

Ya daɗe yana kallon kifin. "Ni ne, 'yar Calum." Da sunan mahaifinta yake kiranta tun tana ƙarama.

"To ina ƙugiyarka?"

"Ƙugiya a kan abin da na san ƙarshensa nake sa ta. Ni dattijon coci ne, ba zan sa alamata a kan ƙarya ba."

"Amma ka sa tata?"

"Ita ai da tana nan da ta karanta."

Dolina ta ce mini ta ji kowace kalma amma ba ta gane komai ba. Sai da ya cire hularsa, ya zauna a matakalar kantar littattafai, ya faɗa mata dalla-dalla. Bai iya karatu ba. Ya shiga makaranta ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, malamin kuwa da bulalar fata yake amsa Galik, sai ya koyi yin shiru a bencin baya har ya kai shekara sha huɗu ya bi jirgin kamun kifi. Shekara arba'in da shida Seonag ce ke karanta masa bayan cin abinci. Zabura ɗari da hamsin duk a ka suke, ita ta biya masa su. Littafin da yake riƙewa a coci, ita ke sa masa zare a shafin. Yana ci gaba da aro ne don kada a ce me ya sa ya daina, yana zana kifi don kada a sake ba shi littafin.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce mene ne abin ɓoyewa. Amma mu mutane ne da kowane gida ke alfahari ya fitar da likita ko malami ko fasto, ko da kifi mai gishiri da dankali aka rene shi. A ce mai jan zabura bai iya haɗa baƙi ba!

"In Peigi ta ji," ya ce, "ba zan ƙara tsayuwa gaban jama'a ba."

"Asabar kana gida?" in ji Dolina.

Daga nan kowace Asabar da hantsi ƙaramar motarta tana ƙofar Tormod. Ta ɓoye littattafan 'yan aji ɗaya a kwandon biredi. Sun fara da Galik, tunda zabura na bakinsa, sai ya sa yatsa ya ga kamannin abin da ya riga ya sani. Ta ce ranar da ya gane yadda ake rubuta sunan Seonag faɗa ya kama yi, wai an cusa haruffan da ba a furtawa, wannan ha'inci ne.

Ƙauye kuwa ya samu abin yi. Dolina ba ta taɓa aure ba, shekararta hamsin da bakwai a lokacin.

"Amarya, ina kwana!" Peigi ke faɗa daga bakin mota, kowa na ji. "Wane irin biredi ne wannan da sai an yi awa biyu ana miƙa shi?"

"Mai tauri ne, Peigi. Haƙoransa sun tafi."

"A kawo mana littafin soyayya, tunda yanzu kin san kansu."

Har matar fasto ta ja ta gefe ta yi mata nasiha a kan mutunci. Ƙanwar Dolina ta daina yi mata magana wata uku. Kalma ɗaya za ta faɗa komai ya wuce, ba ta faɗa ba. Na tambaye ta ko abin bai yi mata zafi ba, ta ce, "Ya yi mana. Amma ni kunyata ta ƙarya ce, tasa ta gaske ce." Har yanzu ina juya wannan maganar, ban tabbata na gama gane ta ba.

Ke ce, Dolina, kika ɗauki surutun ƙauye guda shekara tara don wani tsoho ya ci gaba da tsayuwa ranar Lahadi. Ke ce mai kwandon biredi. Ba aikinki ba ne, tuƙi da hatimi aka ɗauke ki yi.

A walimar sallamarta a zauren ƙauye, bayan shayi ya zaga, Tormod ya miƙe da sandarsa. Shekararsa tamanin yanzu. Peigi ta zunguri ta kusa da ita. "Ga shi nan! Yau za a sa rana." Wasu har sun fara tafi. Dolina ta girgiza masa kai, ta sake girgizawa, ya ƙi kallonta. Ya zaro takarda, ya sa yatsa a layin farko.

"Ni na rubuta wannan," ya karanta, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Da ban iya ba. Shekara saba'in da ɗaya ban iya ba. 'Yar Calum ta koya mini. Ba aure muke nema ba. Ku nemi gafararta."

Mutane na duban juna, wani tsoho a baya yana tambaya da ƙarfi, "Wai an fasa auren ne?" Tormod na tsaye, takarda a hannunsa, yana jiran abin da ya ji tsoro duk rayuwarsa. Sai fasto ya ce, "Tormod, zabura ta ɗari da uku ce ranar Lahadi, in ka yarda."

Da aka tashi, ina tattara kofuna a bayansu, Peigi ta iske Dolina a bakin ƙofa. Na zaci haƙuri za ta bayar. Ta daɗe tana gyara maɓallin rigarta, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Asabar ɗin nan taki, yanzu babu kowa a ciki? Ba don ni ba. Ƙanena Alasdair ne. Kada ki ce ni na faɗa."

"Sai dai a ce shi kuma nake nema," in ji Dolina.

"Ni zan toshe bakinsu," Peigi ta ce. "Na san inda surutun yake farawa."

Tormod ne ya ba ni izinin rubuta wannan, Peigi da Alasdair kuma ba su ne ainihin sunayensu ba. Mun gode, Dolina. Allah ya ƙara lafiya, ya bar miki idanunki. Ku kuma da kuka iya karanta wannan har ƙarshe, ku duba maƙwabcinku da kyau, wataƙila yana nan yana jiran wanda zai tambaye shi ko yana gida ranar Asabar.