Daɓen da Na Yi wa Inna

Tsakar gidanmu a Unguwar Lalle kwari ce, duk ruwan indararo nan yake taruwa. Shi ya sa Baba ya haƙe ta, ya zuba tsakuwa da rairayi, ya jera tsingaron tukwane a tsaitsaye da 'yar tazara tsakaninsu. Komai ƙarfin ruwa, kafin a sauke tukunya ƙasa ta shanye shi.

Sai dai abin yana son hidima. Toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, duk suna toshe tazarar. Kowace bazara Baba yakan tsuguna da tsohuwar ƙusa yana tone su layi-layi, ya sake zuba rairayi mai tsabta. Ni kuwa bakina ba linzami. Nakan ce, "Baba, sakace kaka yi ma ƙasa? Nama tac ci?" Sai ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Ya rasu bayan girbi, a shekarar da gonakin nesa suka gagari shiga saboda 'yan bindiga. Abin da ya bar wa Inna rumbu ɗaya ne na gero a kusurwar gida, shi za ta ci har wata kaka.

Da ta fita takaba na zo daga Isa, inda nake aure, na tarar tsingaro ya yanke ta a ƙafa. Raina ya ɓaci. Na gayyato matan unguwa mu yi daɓe.

Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, bar shi yadda yab bar shi."

Na ce, "Inna, wa za shi tsuguna miki da ƙusa? Ni ko ke?"

Ta juya ta shige ɗakinta. Muka kwaɓa ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, muka daɓe tsakar gidan sumul, har da guɗa. Na koma Isa ina jin na yi abin kai.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya sauka da azahar. Bai sami hanyar shiga ƙasa ba, sai ya gangara kusurwa ya kwanta a gindin rumbu. Kwana uku ana yi. Duwatsun da rumbun ke kai suka nutse, ya karkata, ya faɗi cikin ruwan.

Maƙwabciya ce ta buga mini waya, na hau mashin. Na tarar da Inna ta baza zangarniya a kan tabarmi, rabi ta yi tsiro, rabi tana warin tsami. Na tsaya ina jiran zagi. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don har yau abin yana cin raina.

Ta kakkaɓe hannu ta dube ni.

"Akwai wuri ɗakinki? Za ni bi ki."

Gidan da aka kawo ta tana amarya ke nan, inda ta haife mu duka. Ta ja ƙofa, ta miƙa wa maƙwabciya makulli. A Isa ta rasu, ba ta sake kwana a wancan gidan ba.