Badamagaren da Nake Kira Bawana

Shekara uku cur ina kiran wani mutum bawana a cikin ofishin lauyoyi, hawa na bakwai, a unguwar Dokki ta birnin Alƙahira, gaban mutanen da suka haddace dokokin duniya kamar Fatiha, kuma babu wanda ya kama ni. Da Hausa nake yi, shi ya sa.

Ni Bakano ne. Na zo Alƙahira karatu da niyyar in koma gida da rawanin da sai an kafa tsani kafin a naɗa mini, sai karatun ya dube ni sama da ƙasa ya ce ma'alish, wato sai haƙuri. Abin da na tsira da shi Larabci ne, da ɗan Turanci, da tumbin da waken ful ya gina mini, wanda in zan shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, yakan riga ni samun wurin zama. Da harsunan nan na samu aikin tafinta a ofishin. Ina juya takarda daga wannan yare zuwa wancan, ina tsayawa tsakanin lauya da baƙo idan baki ya ƙi haɗuwa.

Ofishin ba shi da masu shara na kansa. Wani kamfani ne ke turo su kowace safiya cikin shuɗiyar riga, su share su goge kafin manya su iso. Ni kuma saboda gudun cunkoson hanya daga unguwarmu ta Madinat Nasr nakan riga kowa zuwa. Wata safiya ina tura ƙofa na ji ana yi wa bokiti faɗa.

"Kai dai ba ka da mutunci. Kullum sai ka zube mini a ƙafa."

Na tsaya cak. Ba wai Hausawa ne babu a Alƙahira ba, unguwarmu cike take da su. Amma ɗalibai ne, in sun gan ni sai su rusuna, Allah gafarta Malam, Allah gafarta Malam, har girman ya fara sa ni ciwon baya. Na yi shekaru ban samu sa'ana da zai dubi tsabar idona ya raina ni ba, kuma ban san ina kewar hakan ba sai ranar.

Dogon mutum ne siriri, zai girme ni da kaɗan. Na ce, "Malam, daga ina?"

Ya ce, "Damagaram."

Na ajiye jakata na ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mini bawana har ofis."

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ci gaba da matse tsumma, ya ce, "Ashe Bakano ne. Shi ya sa tun daga bene nake jin ana neman ragi. Ka makara, Bakano, ina da mai ni."

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Wanda ya san wasan Kanawa da Damagarawa ya san ba a gaisuwa sai da wannan. Kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kowa ya kawo tarihin da kakansa ya ƙirƙira, a tashi ba wanda ya ci.

Daga ranar na daina jin haushin sammako. Nakan sayo ta'amiyya, ƙosan Masar, a hanya, shi ya dafa shayi a ɗan kicin ɗin ofis, mu sha a tsaye. Yana cewa Kanawa in sun mutu sai sun tambayi farashin likkafani. Ina cewa Damagarawa sun ga ruwan Nilu sun zaci ƙarshen duniya ne. A tsakanin zagi da zagi sai ɗayanmu ya ce, "Yanzu fa ana can ana dama fura," ɗayan ya ce, "Bari, Malam, bari." Tagar kicin ɗin tana kallon bayan wani dogon gini, babu abin gani sai injinan sanyaya ɗaki, amma ni a can nake hango ƙofar gidanmu.

A nan na san yana da tsohuwa a gida, kuma idonta na rufewa a hankali. Da farko zare ne ba ta iya sa wa allura. Daga baya ba ta gane mutum sai ya zo kusa. Duk saƙon da za ta aiko masa abu ɗaya ne: ya zo ta gan shi tun da sauran gani.

Nakan ce, "To me kake jira? Ka tafi mana, bawana, na ba ka izini."

Shi kuma ya ce, "Izininka na banza ne, Bakano. Sai mai ni ya sake ni."

In sheƙe da dariya, in ce wannan Badamagare ba ya taɓa barin a ci shi.

A shekara ta uku wani aiki ya sauko mana. Manyan masu hulɗa da ofishin daga ƙasashen waje suka ce suna son tabbacin cewa babu bautar zamani a ofishinmu, kuma babu ita a wajen duk wanda yake yi mana hidima: masu kawo takarda, masu kawo ruwan sha, masu gadi, masu shara. Da na ji kalmar na ce bauta kuma, a Dokki, inda ko kyanwa sai ta ga dama take amsa kira? Aka ɗora aikin a kan wata lauya da muke kira ustaza, gajeriyar mace mai gilashi wadda in ta kalle ka sai ka tuna laifin da ka yi a firamare.

Ta aika wa kamfanonin takardu, kowa ya sa hannu ya buga hatimi ya rantse ma'aikatansa sun fi 'ya'yan sarki jin daɗi. Kamfanin shara ya fi kowa saurin dawo da tasa. Manya suka ce khalas, an gama. Ustaza ta ce ba a gama ba, takarda ba ta share ofis, ita da masu riƙe tsintsiya take son magana, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da shugabansu ba, kuma da harshen da mutum yake mafarki da shi. Nan aka nemi tafinta.

Ranar da za mu zauna da mutumina, ta zo da sassafe ta same mu a kicin muna tsakiyar yaƙi. Ta ce, "Ya ustaz, wannan kalmar da kake kiransa da ita kullum, sunansa ne?"

Ni da bakina da ba ya jiran hankalina na fassara mata ita tsaf da Larabci.

Ta cire gilashin. Ban taɓa ganin ta cire shi ba, na ɗauka da shi aka haife ta. Na shiga bayani, ina gumi, cewa wasa ne na kaka da kakanni, shi ma haka yake kirana, in ma ban kira shi haka ba zai zaci fushi nake. Ta juya gare shi, ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce da guntun Larabcinsa wai ni ne nasa, ya gaje ni ne tare da jaki. Ta mai da gilashin ta ce, "Tamam. Yalla, mu zauna."

Muka shiga ƙaramin ɗakin taro. Ya zauna a bakin kujera kamar kujerar za ta kai ƙararsa. Ta fara karanto tambayoyi ina juyawa. Yaya aiki? Da godiya. Ana matsa maka? Babu komai. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina fassarawa ina jin daɗi, kamar ina gabatar da ɗana a musabaƙa.

Ta ce, "Tambaye shi, ina fasfonsa?"

Ya ce, "Yana ajiya."

Na ce mata yana nan lafiya, an adana masa. A kunnena ajiya alheri ce. Mutum yakan kai abinsa wajen babba don kada ya ɓata, har ya yi godiya a kai. Na riga na miƙa ido kan tambaya ta gaba.

Ta ce, "Wajen wa?"

"Wajen mai kamfani."

"In ya ce yau yake son abinsa, za a ba shi?"

Na juya masa tambayar. Ya dubi tebur, ya sa yatsa ya goge wani ɗan tabo da shi kaɗai yake gani. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba ita ba.

"Bakano, sau nawa na gaya maka?"

Ban gane ba. Na ce, "Ka gaya mini me?"

"Na ce maka ina da mai ni. Na ce maka sai ya sake ni. Kullum sai ka yi dariya."

Ustaza tana tambayata me ya ce, ni kuwa harsunan nan uku da nake taƙama da su duk sun gudu sun bar ni.

Da bakina ya dawo, maganar ta fito daki-daki. Ranar da ya fara aiki mai kamfanin ya karɓi fasfonsa, wai zai gyara masa iƙama, takardar izinin zama. Shekara huɗu ke nan. In ya tambaya, bukra, gobe. Iƙamar ba a yi ba, tsohuwar takardar kuma wa'adinta ya ƙare, don haka ba ya iya neman wani aiki, ba ya iya tunkarar hukuma, ba ya iya zuwa filin jirgi. Yana kwana a wani gida a unguwar Faisal da mai kamfanin ya zuba su, mota ta kwaso su ta mai da su. Sau biyu ya ce zai bar aikin, aka tuna masa cewa mutumin da ba shi da takarda bai kamata ya cika surutu ba.

Da ustaza ta fita, na ce, "Malam, me ya hana ka gaya mini sosai? Ka zaunar da ni ka ce ga halin da nake ciki?"

Ya ce, "Da wane baki? Namiji da gemunsa ya ce wani ya riƙe shi kamar akuya? A wasa ne kawai zan iya faɗa ban ji kunya ba. Ku Kanawa ne dai kunnenku sai ƙarar kuɗi."

Ya so in yi dariya. Na kasa.

Manyan ofis da suka ji, suka ce a yanke hulɗa da kamfanin a yau ɗin nan, a wanke hannu. Ustaza ta ce in aka yanke, mai kamfanin zai kwashe ma'aikatansa ya kai su wani bene, mu mu tsira da suna mai kyau, su kuma fasfonsu na nan a aljihunsa. Ta ce a fara kiransa tukuna.

Ya zo da turare da carbi da murmushi. Ya dafa ƙirji ya ce amana ce, shi uba ne gare su, waɗannan mutane in ka bar musu takarda sai su yar. Ustaza ba ta ɗaga murya ba. Ta karanta masa takardar da ya sa wa hannu da kansa, layi bayan layi, a hankali, kamar mai karanta wa mamaci talƙini. Washegari ya dawo da gwangwanin biskit. Fasfo biyar ne a ciki, an ɗaure da roba. Aka kira masu su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi nasa a hannunsa. Aka kuma rubuta sabuwar yarjejeniya cewa takardun ma'aikaci suna wajen ma'aikaci, kuma ofis zai riƙa tambayarsu da kansa lokaci zuwa lokaci.

Fasfon mutumina ya riga ya ƙare aiki a cikin gwangwanin. Sai da aka yi watanni ana zirga-zirga tsakanin ofishin jakadanci da na shige da fice, wani lauyanmu yana gaba, ni ina biye da tumbina ina fassara. Duk mako saƙon gida na zuwa: yanzu ba ta bambance rana da inuwa sai da ƙyar.

A watannin nan na daina kiransa da sunan nan. Ba wanda ya hana ni, bakina ne ya ƙi. Na koma Malam, Malam. Ya jure mako biyu, sannan wata safiya ya dire kofin shayi ya ce, "Wai ni baƙonka ne yanzu? Wancan ya riƙe mini fasfo, kai kuma za ka riƙe mini wasa?"

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ya ce, "To ni zan iya. Miƙo sukari, bawana."

Na miƙa masa.

Ya tafi ana tsakiyar zafi. Na raka shi filin jirgi da jaka ɗaya da ledar dabino. Fasfon yana cikin aljihun ƙirjinsa, ya sa fil ya maƙale bakin aljihun, kuma duk taku goma sai ya dafa. Ba mu yi wata doguwar sallama ba. Ya ce in rage cin wake, na ce ya gai da tsohuwa.

Bayan kwana shida saƙon murya ya shigo ina cikin mikrobas. Ya ce ya isa. Ya ce idon tsohuwa ya riga ya rufe, saura ɗan haske a gefe ɗaya. Da ya shiga ya yi sallama ba ta amsa ba, sai ta ce a fito da ita tsakar gida, a tsayar da shi ta wajen rana. Ta daɗe tana juya kai tana nemansa da gefen idon. Sannan ta ce ta ga tsawon, tsawon nasa ne, sauran kuma ya matso ta duba da hannu.

Daga nan ya yi shiru, amma ya manta bai kashe ba. Kusan minti guda wayar tana ɗaukar gidan: ana daka a wani wuri, akuya na kuka, wata mata tana cewa a kawo wa baƙo ruwa, wata tsohuwar murya tana cewa wane baƙo. Na manna wayar a kunne ina sake saurara, har muka wuce inda zan sauka, direba yana ta kiran Dokki, Dokki, ban ce masa ya tsaya ba.