Sunayen da Ban Faɗa Ba

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mini gona mai yawa ba. Abin da ya bar mini shi ne zaure, da adakar ƙarfe mai kwaɗo biyu, da yardar mutane. A Boɗinga da ƙauyukan da ke kudu da mu, har can ƙasar Shagari, an san gidanmu da karɓar ajiya. Manomi ya sayar da albasa, yana tsoron kada kuɗin su narke masa a hannu kafin damina, sai ya kawo. Mace ta sayar da tunkiya, ba ta son danginta su sani, sai ta lulluɓa ta zo da kanta. Ba ma karɓar ko anini a kan haka. Nakan naɗe kuɗin kowa a tsumma, in rubuta sunansa da garinsa da adadin kuɗin da ajami a 'yar takarda, in cusa a ciki, in ɗaure. Sharaɗin guda ne, kuma mahaifina ya maimaita mini shi har a ciwon ajalinsa: wanda ya kawo ajiya, daga kai sai shi sai Allah. Ko matarka ba ta ji.

Haka kuwa aka yi. Matata ta koma ga Mahaliccinta ba ta san sunan mutum ɗaya daga cikin masu ajiyar ba. Bayan rasuwarta, 'ya'yana kuma duk sun watsu neman abinci a birane, masu ajiyar nan su ne suka zama mini jama'a. Ba wanda ke miƙo ƙulli ya juya. Sai an tuɓe takalmi, an zauna a tabarma, an sha fura, an yi zancen ruwan sama da tsadar taki. Ranar kasuwa zaurena ba ya rabuwa da mutum daga hantsi har la'asar. Wani ajiya ta kawo shi, wani fatawa, wani hira kawai, shi ya sa ba mai iya cewa ga dalilin zuwan wane.

A cikinsu akwai wani makiyayi daga wajen Kajiji, wanda muka fi shekara talatin tare. Modibbo yake kirana, wato malam a bakinsu na Fulani. Da ya jingine sandarsa zai fara:

"Modibbo, har yanzu kana nan kana gadin dukiyar mutane, kai kuwa rigarka guda?"

"To kai fa? Shanu ke kiwonka, kana cewa kai ke kiwon su."

Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. Da daji ya lalace, ɓarayi suka fara kore garke suna ɗaukar masu shi, sai ya sayar da yawancin shanunsa a hankali, kasuwa daban-daban, ya riƙa kawo mini kuɗin. Ƙullinsa ya fi na kowa girma a adakar. Ranar da ya kawo na ƙarshe bai yi wasa ba. Ya rage murya ya ce, "In anka ji ina da wanga abu, ba ni ƙara kwana gidana. Ka gane?" Na ce na gane.

Sai ga shekarar da aka canza takardun kuɗi, aka sa wa'adi, aka ce wanda bai kai tsofaffin banki ba sun zama ganye. Masu ajiya suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da magana iri guda: Malam, yi mana dabara. Yawancinsu ba su da asusu. Ni ina da guda, wanda babban ɗana ya buɗe mini don ya riƙa turo mini na cefane, ban taɓa zuba komai a ciki da hannuna ba. Na yi tunani irin na wanda bai san banki ba. Na ce tafiya guda ta fi goma, hanya ba ta da tabbas. Na kwance ƙullin nan duka, na ware takardun sunayen na sa a jakar fata a aljihun ƙirjina, na zuba kuɗin a buhu ɗaya, na rufe samansa da albasa. Da safe na hau bas zuwa Sakkwato, buhun yana tsakanin ƙafafuna, ina ta salati har muka isa.

Layin banki ranar nan ya fito har bakin titi. Sai bayan rana ta take na kai gaban kanta. Da na kwashe albasar, mai karɓar kuɗin ya dube ni ya dubi buhun, ya tashi ya kira wata ma'aikaciya. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autata ba, kuma da jin bakinta ba 'yar ƙasarmu ba ce, aiki ya kawo ta. Aka sa kuɗin a injin ƙirga yana ta kaɗa su kamar ana sheƙar gero. Da aka gama ta kai ni wani tebur a gefe, ta jawo mini kujera.

"Baba, sannu da hanya. Kuɗin nan sun wuce adadin da doka ta ce in an kawo ko an cire, sai mun aika wa hukuma rahoto. Ba zargi ba ne, kowa haka ake yi masa. Sai dai za ka faɗa mana inda suka fito."

"Ajiya ce, ɗiyata."

"Ta wa?"

"Ta mutane."

"Su wa ke nan, Baba? Sunan kowa, da garinsu, da abin da ya kawo."

Jakar fatar tana nan a ƙirjina, ina jin tudunta. Duk abin da ta tambaya yana ciki, a rubuce, da hannuna. Na ce, "In na faɗa miki, wa zai gani?"

"Ofishinmu, da waɗanda muke aika wa."

"Su nawa ne?"

Ta yi murmushi. "Wallahi Baba ban taɓa ƙirga su ba."

Ta yi mini bayani da haƙuri, cewa an yi dokar ne don a gane kuɗin sata da kuɗin fansa, a bi sawunsu. Ban ga laifin wannan ba, har yau ban gani ba. Na san gidajen da aka share rumbunsu ƙaf don a karɓo mutum ɗaya daga daji. In akwai hanyar da za a kama masu cin wannan dukiya, ni ne farkon mai cewa amin. Amma ni ban san hannu nawa takarda ke bi kafin ta isa inda za ta ba, kuma na san abin da mutumin Kajiji ya faɗa mini da ƙaramar murya.

Na roƙe ta ta ba ni lokaci in yi azahar. Na fita na yi alwala a famfon bayan ginin, na yi salla a inuwar wata bishiya, na daɗe a zaune. Ba wanda zan yi shawara da shi. Ɗana yana da waya, ni ma ina da ita, amma in na kira shi sai na faɗa masa abin da bai kamata ya ji ba. Na tuna mahaifina a kan shimfiɗarsa, na tashi na koma ciki.

Na ce mata, "Rubuta sunana ni kaɗai."

Ta ce, "To ka sani, Baba, rahoton da sunanka zai tafi, kuma zan rubuta cewa ba ka ba da sunayen ba. In an zo tambaya, kai za a nema."

"Gidana ba ya ɓata. Kowa a Boɗinga zai nuna musu."

Ta miƙo mini takardar da biro, ta nuna gurbin da ake faɗin asalin kuɗi. Ban iya boko ba, sai na rubuta da ajami: amanar mutane ce, ni ke riƙe da ita. Ta juyo takardar tana bi da yatsa daga dama, a hankali, kamar mai tuno karatun allo da ta bari tun tana ƙarama. Ta karanta daidai. Sannan ta rubuta fassararsa a ƙasa da nata rubutun, na dangwala yatsa.

Abin da ban lura da shi ba, akwai wani mai sayar da hatsi ɗan unguwarmu a layi, kusa da teburin. Bai ji zancen duka ba, kuma ban ce ya yi da mugunta ba. Rahoto ya ji, da hukuma, ya kuma ga buhu. Kwana biyu bayan haka, na fito daga masallaci sai na ga hira ta mutu da isowata. Maganar ta rabu biyu a gari. Wasu suka ce Malam ya ba gwamnati sunan kowa. Wasu suka ce an gano gidan Malam maƙare yake da kuɗi, ana nan zuwa bincike. Ba zan iya tsayawa a bakin masallaci in wanke kaina ba, domin wanke kai sai da faɗin wa da wa, nawa da nawa.

Masu ajiya suka fara zuwa karɓar abinsu. Banki ba ya ba da kuɗi da yawa a lokaci guda a kwanakin, sai na yi ta jigila zuwa birni wata da watanni, ina karɓowa kaɗan-kaɗan ina sallamar su. Alhamdu lillahi, ba wanda kwabonsa ya yi ciwon kai. Sai dai yanzu a tsaye ake karɓa. Mutum ya yi sallama daga bakin zaure, takalminsa a ƙafa, ya karɓa, ya yi godiya yana waige, ya tafi. Furar da nake sa a dama mini ranar kasuwa ta riƙa kwana a ƙwarya, har na ce a daina.

Mutumin Kajiji shi ne na ƙarshe. Ya zo ranar da ba kasuwa, da hantsi, ya sa mai babur ya sauke shi nesa ya tako. Na shimfiɗa masa tabarmarsa, bai zauna ba. Bai ma jingine sandar ba.

"Modibbo, tambaya guda ta kawo ni. Ka faɗi sunana?"

"Ban faɗa ba."

Na ciro 'yar takardarsa daga jakar fata na miƙa masa tare da kuɗinsa. Bai iya karanta ta ba, amma ya san ta, a gabansa na rubuta ta. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Na yarda," in ji shi. "Ko ba ka rantse ba na yarda. Amma gidanga yanzu an san shi. Duk wanda anka gani ya shigo, an san mi ya kawo shi. Ni kuwa ina da iyali a bakin daji."

Na ce, "Gaskiyarka. Ni ma da zan ba ka shawara, ita ke nan."

Ya sa kuɗin a cikin riga, ya kai bakin ƙofa, ya juyo kamar zai yi tsokanar nan tasa. Ya dubi rigata, ya buɗe baki, sai ya fasa. Ya ce in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, Allah ya tsare hanya.

Damina uku ke nan. Ba wanda ya zo daga hukuma, ko da wasiƙa. Wataƙila wani ya karanta takardar ya ga ba komai, wataƙila tana nan cikin dubunta ba a kai gare ta ba. Adakar yanzu littattafan mahaifina ne a ciki, kwaɗo ɗaya ma ya ishe ta. Mutane sun daina zancen, muna gaisawa lafiya lau a masallaci, amma ƙafar da ta ɗauke daga zaure ba ta dawo ba. Masu albasa sun buɗe asusu, matasa sun koya musu tura kuɗi ta waya.

Wani lokaci ranar kasuwa nakan bi ta wajen masu dabbobi, ko da ba abin da zan saya. In mutumin Kajiji ya shigo, nakan hango shi tsaye cikin 'yan'uwansa, ya ƙara furfura. Yakan ɗaga sandarsa kaɗan, ni kuma in ɗaga carbina, kowa ya kama gabansa. Da haka nake sanin har yanzu a gidansa yake kwana. Sai in sayi goro na ɗari, in dawo in buɗe zaure, in shimfiɗa tabarma guda, in zauna jiran kiran la'asar.