Buhunan Matameye a Bakin Bahar Rum

Har yau ban manta da safiyar da na tsaya gaban buhunan Matameye a birnin Marsai na ƙasar Faransa ba, Turawa sun kewaye ni, kowa yana jiran abin da zan ce.

Bari in fara da aikin kansa, don wasunku ba su tarar da shi yadda yake ba. A shekarun nan kafin 'yancin kai, ni ne mai duban gyaɗa a kasuwar Matameye. Idan kaka ta yi, manoman Kance da Tsauni da Ɗan Barto su kawo ɓararriyar gyaɗa a kan jakuna da raƙuma. Bayan an ɗinke buhu, kafin a ɗora wa kamiyo, wato babbar motar kaya, sai in soka masa wani ƙarfe mai rami, in zaro ƙwaya daga tsakiya, in murza, in shinshina, in tauna. Idan ta bushe, ba ƙasa ba tsakuwa, in buga hatimi. Daga nan kamiyo ya kai Kano, jirgin ƙasa ya kai Ikko, jirgin ruwa ya ƙetara da ita. Inda take sauka kuwa, sunansa kawai nake ji.

Wata rana da bazara shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, Mushe Rolan, ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce wata masana'antar mai a Marsai ta rubuto cewa gyaɗarmu ta iso a ruɓe, kuma za su sauke darajar duk gyaɗar da ta fito daga Matameye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da gyaɗa kowane gida a yankin nan yake tsaye.

Ya ce, "Malam Ila, hatimin wa ke kan buhunan nan?"

Na ce, "Nawa ne, Mushe."

Ya ce, "To, ina tafiya hutu gida. Na nemo maka izini wajen kumandan mai mulkin yankin nan. Ka zo ka gani da idonka."

Muka bi hanyar da gyaɗar take bi, har jirgin ruwan. Kwana uku na farko ban iya cin komai ba, daga baya na saba. Wata rana da hantsi muka hango Marsai: fararen duwatsu, gidaje masu jan rufi sun hau juna har kan tudu, ruwa kuwa shuɗi kamar an zuba baban rini.

Washegari muka je masana'antar. Tun daga ƙofa na ji ƙanshin da na sani, kamar na wuce gidan masu ƙuliƙuli, sai dai nan injuna ne suke matsar man. Darektan ya kai mu sito, tare da wani tsoho mai suna Antuwan, shugaban leburori, wanda ya tsufa a cikin buhuna. Ga buhunanmu a jibge a gefe, ga hatimina a jikinsu. Wasu sun yi baƙi.

Darektan ya ce, "Manomanku suna zuba ta da danshi don ta yi nauyi, ku kuma kuna buga hatimi."

Maganar ta yi mini zafi. Na ce a ba ni wuƙa. Na farke buhu ɗaya daga sama har ƙasa. Ƙwayar da ke jikin buhun ta yi baƙi ta cure, amma ta tsakiya ja ce, a bushe, na murza ɓawonta ya tashi. Na farke na biyu da na uku, duk haka. Sai na tsinko zaren buhun na sa a baki. Gishiri.

Na ce, "Mushe, gyaɗar da aka zuba da danshi daga ciki take fara ruɓewa, don can zafi yake taruwa. Wannan daga waje ta fara. Kuma mu a Matameye ba mu da ruwan gishiri, rijiyoyinmu duk na daɗi ne."

Tsoho Antuwan ya matso. Ya tsuguna, ya tsinki zare, ya tauna, ya tofar. Ya ce, "Ruwan teku ne." Aka duba takardun sauke kaya, aka ga duk buhunan da suka lalace daga ƙasan jirgi guda suka fito. Kafin la'asar darektan ya janye wasiƙarsa, ya miƙo mini hannu. Ba mutumin banza ba ne, bai dai taɓa farke buhu da kansa ba.

Muna fita sai Antuwan ya riƙe hannun rigata, ya ce, "Ranar Lahadi kai baƙona ne."

Da sassafe ya zo masaukina. Muka fara da tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda mata suke sayar da kifi yana motsi a kan tebur, suna ciniki da ɗaga murya kamar kasuwarmu. Muka hau wani tudu mai babban coci, wanda masu kamun kifi suke hangowa daga cikin teku su san sun iso gida. Na hau ina haki, shi tsohon yana gaba yana yi mini dariya. Daga can ya nuna mini tashar da gyaɗarmu take sauka, da masana'antar sabulu da ake yi da man gyaɗar, da wani tsibiri mai tsohon kurkuku.

Da rana ƙaninsa, wanda masunci ne, ya ɗauke mu a kwalekwale zuwa bayan gari. Akwai wurare a can da teku yake kutsawa tsakanin duwatsu kamar lungu, ruwan garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasa. Na naɗe wando na shiga har gwiwa, sanyi ya sa na fito da sauri. Azahar ta yi, na ce ina son in yi salla. Masuncin ya dubi rana, ya nuna mini gabas, suka koma gefe suka yi shiru har na idar.

A gida matar Antuwan ta yi miyar kifi iri-iri da tafarnuwa. Kafin in zauna ta ce, "Ci da kwanciyar rai, ban sa giya ba, ban sa alade ba. Na tambaya." Ta ɗauko kwalbar man da take suya da shi, ta ce in gaya mata yadda itacen gyaɗa yake. Na ce ba itace ba ne, a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya. Ba ta yarda ba, sai da na zana mata a takarda. Muka yi ta dariya har miyar ta huce.

Na yi kwana goma a garin, na dawo kafin a gama shuka. Da na ba manoma labari a ƙofar biro, wani dattijo daga Tsauni ya ce, "Wato ashe mutane ne suke ci." Shi a zatonsa injuna ake zuba wa.

Ni ma daga nan aikin ya sauya a idona. A da ina duba buhu ne don kada shef ya yi faɗa. Bayan na dawo, ina dubawa don na san akwai mai jiransa a can, kuma sunan garinmu yana tafe da shi. Ku da kuka gaje mu, an ba ku na'urori, ku yi aiki da su. Amma idan aka kawo ƙara a kan manomi, kada ku sa hannu a takarda sai kun farke buhun kun gani da kanku.