Takalmin da Alhaji ya kawo daga Kano

Ni ban taɓa zama ɗalibin kwaleji ba. Boko dai na leƙa, malami ya dube ni, na dube shi, muka rabu kowa yana hamdala. Amma duk wanda ya yi kwalejin nan ta Birnin Kudu a wancan zamani ya san ni, don ni ne badukun da ke ɗinke musu ƙwallo. Guda ɗaya gare su, ta fata, na yi ta ɗinkinta har zarena ya fi fatar yawa. In sun yi nasara in shiga kasuwa ina cewa mun ci. In an lallasa su in ce yaran nan ba sa jin magana.

Shekarar da nake magana, muna jihar Kano tukuna, akwai wani yaro ɗan Sara ta wajen Gwaram. Siriri ne, ba ya son surutu, kuma ƙafarsa ba ta san takalmi a fili ba. Tafin nan nasa na taɓa latsa shi da basilla don tsokana, bai ma waiwayo ba. Shi ya ɗauke mu a kai, makaranta bayan makaranta, har muka kai wasan ƙarshe a Kano. Aka ce masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo.

A gida kuwa wansa ya rasu da damina, gona ta rage daga tsoho sai ƙannai mata. Uban ya ce masa, in mutanen Kano sun ɗauke shi ya tafi da albarka, in ba su ɗauka ba ya dawo, karatun ma ya isa haka. Yaron da bakinsa ya faɗa mini, ina ɗinki yana riƙe mini zare.

Ana saura kwanaki sai ga wani Alhaji mai motocin haya, mutumin Gwaram, aminin uban. Ya tara malamai da ɗalibai, ya fito da takalmin ƙwallo sabo fil, ya ce ɗansu ba zai shiga birni ƙafa tsirara kamar mai kora awaki ba. Aka yi tafi. Yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Alhaji bai auna ba, da ido ya saya, idon kuma ya tsaya tun yaron yana ƙarami.

Da yamma yaron ya kawo mini shi cikin riga.

"Baduku, yana ɗan kama ni."

"Ɗan kamu? Kai, wannan ko ƙanwarka sai ta yanke farce. Je ka gaya wa Alhaji a canzo."

Ya dube ni kamar na ce ya mari limami. "Ni in ce wa Baba Alhaji kyautarsa ba ta yi ba?"

"To ka bar shi a akwati."

"Shi zai kai mu da motarsa. A gaba zai zauna."

Na shafa wa takalmin man shanu, na cusa masa tsumma da ɓawon masara, na shanya. Iyakar iliminmu ke nan. Takalmin ya yi ƙyalli, ya yi wari, bai ƙaru ba. Malamin wasanni ma ya gani. Ya ce zai yi wa Alhaji magana, ya je, suka gaisa, suka tambayi iyali, ya dawo.

A Kano na tsaya bakin layi da jakata. Tun bugun farko na san an gama. Yaron da ke juya ƙwallo da yatsu yana gudu kamar mai taka garwashi. Sau biyu ya tsaya daga shi sai gola, sau biyu ƙwallon ta yi sama. Na daka masa tsawa, na ce cire, don Allah cire! Ya waiga wajen rumfa. Alhaji yana can da babbar riga, yana nuna wa na kusa da shi ƙafar yaron, yana murmushi. Yaron ya sunkuya, na ce Alhamdulillahi. Ashe igiya ya ƙara ɗaurewa.

Bayan hutun rabin lokaci aka fitar da shi. Da almakashina na raba safar da fatarsa. An ci mu, ban ma riƙe nawa ba. Mutanen jiha suka ɗauki wani.

A hanya Alhaji ya juyo ya ce ƙaddara ce, ya yi ƙoƙari. Yaron ya ce, "Na gode, Baba." Sati bai zagayo ba ya naɗe tabarmarsa ya hau motar Gwaram.

Bara aka ce mini yaron nan ya rasu. Na lallaɓa da sandata har Sara gaisuwa. 'Ya'yansa manyan magidanta, suka ba ni tabarma da fura. Bayan addu'a na ce musu ubansu ya taɓa sa Birnin Kudu rufe kasuwa don kallonsa yana buga ƙwallo. Suka dubi juna. Babban ya ce, "Baba, ƙwallo kuma? Anya ba wani kake nufi ba?"

Na fara ba su labari. Suka saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Sai wasu masu gaisuwa suka yi sallama, na matsa musu.