Sikelin Gyaɗa da Taubashina Ilu

Zamanin Turawa, a shekarar da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama ta "i" ko "a'a", da kakar gyaɗa, aka ɗora ni a kan sikelin kasuwar Matameye kamar buhu. Ilu ne ya ɗora ni, ɗan kawuna, taubashina, mai yi wa wani Alhaji ɗan Damagaram awo. Ya kira 'yan dako ya ce, "Ku zo ku gani, maraya ya fi buhu! Alhaji, nawa ka saya?" Aka yi ta dariya har da tafi.

Lokacin ban daɗe da balaga ba, Inna kuma ta rasu da damina. In na taso daga makarantar allo na tarar da ɗakinta a rufe, sai in zauna bayan rumbu in yi ta tura ƙuli-ƙuli da ɗumamen tuwo, ba don yunwa ba. Jiki ya yi ta buɗewa, mutanen gida suna murna wai yaro ya dangana. Babu wanda ya tambaye ni abin da ke cina, har yau kuwa wannan yana ƙona mini rai. Na kai ƙarar Ilu wurin Baba, ya ce, "Wasan taubasai ne, ba a fushi." Haka aka yi ta maimaitawa kowace ranar kasuwa, manya suna kallo!

Sai na daina cin abinci. Na fake da azumin nafila, in zuba wa awaki tuwona, in sha ruwan tsamiya in kwanta. Rannan ina jan ruwa a rijiya jiri ya kwashe ni, saura kaɗan in bi guga. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, shi kaɗai ya gane. Ya zaunar da ni a gefen buzunsa, ya turo mini ƙwaryar fura ya ce, "Wannan ba azumi ba ne, kuka ne ka haɗiye. Yi kukanka, sannan ka sha." A ranar na yi kukan Inna.

Yanzu a gidan likita ake auna jikokina, babu mai dariya, amma ban ji ana tambayar zuciyarsu kamar yadda Malam ya dubi tawa ba. Bara Ilu ya kwanta ciwo, ya zama ƙashi da fata, ni na cicciɓe shi zuwa mota. Ya raɗa mini, "Taubashi, na kai buhu?" Ban yi dariya ba. Ya ƙanƙame wuyana ya ce, "Ka yafe mini sikelin nan, don Allah." Na ce na yafe. Ashe abin da nake jira ke nan tun ina yaro.